Ƙullin Ciyawar Kazar Ruwa

Da hantsi ne, ruwan asuba ya ɗauke amma rana ba ta fito ba, gari ya yi luf. Ina zaune a kan dutsen da nake ajiye bokiti, a bakin rafin bayan Nasarawa, inda nake wanke keke napep da babura. Ranar da aka yi ruwa ba a kawo wanki da wuri. Tun da Wilfred, wanda muke aiki tare muke ɗaki ɗaya, ya koma gida Kachia, ni kaɗai ne a nan. Sai in wuni ban ce wa kowa komai ba in ban da "a wanke har ƙasa?"

Ita ce dai ke fitowa, kazar ruwa. Baƙa ce, ba ta kai kazar gida ba, goshinta da bakinta ja, tsinin bakin rawaya. In ka neme ta ba za ka gan ta ba. Sai ka yi shiru ka daina kallon wurin, can ka ji "kurruk" cikin ciyawa, ta ɓullo tana taka ganyen bado da dogayen yatsunta, tana ɗaga wutsiya, farin da ke ƙasanta yana bayyana. In tana iyo, kanta gaba da baya kamar mai jin kiɗa. Tari ɗaya ya isa ta koma.

A hankali na gane tana da sheƙa. Na taɓa leƙawa: ta tanƙwara ciyawa ta yi kamar faifai dab da ruwa, da ƙwai masu ɗige-ɗige. Ban sake matsawa kusa ba.

Damuwata masu yankan ciyawa ne. Daga Makera suke zuwa da lauje da buhu, suna kai wa masu kiwon raguna. Sun faro daga sama suna gangarowa, bakin rafin kullum sai ƙara yin ƙwal yake. Jiya a gindin ɓaure suka tsaya. Daga ɓauren sai wurinta.

Na lura da wata al'adarsu. In mutum ya ga ciyawa mai kyau bai samu yanka ba, sai ya kama kanta ya ƙulle. Duk wanda ya ga ƙulli ya san da mai shi, ya wuce. Shi ya sa yau na shiga ruwa har gwiwa, gefe da sheƙar, na tattara ciyawa na ɗaure da ledar omo don a hango daga nesa.

Baba Isiyaku, babban cikinsu, shi ya fara isowa. Tsoho ne siriri, lauje a kafaɗa. Ya tsaya yana kallon aikina.

"Mai wanki, wa ya yi wannan?"

"Wani ne, Baba. Ya ce zai dawo."

"Wani." Ya taɓa ledar da bakin lauje. "Shi wanin nan da omo yake kiwon ragonsa?"

Na sunkuyar da kai.

"Mu ba ma ƙulli da leda. Waɗanda ke bayana in sun ga wannan, cewa za su yi ruwa ne ya kawo shara, su share wurin tas. Akuya gare ka?"

"Ba ni da komai, Baba."

"To me za ka yi da ciyawa? Miya?"

Na san in maganar ta fita, ƙwan a aljihu za su tafi, uwar kuma tukunya. Muna tsaye haka sai ta yi kukanta, a hankali, daga ƙasan ciyawar. Baba bai juya ba. Ya dai karkata kai kaɗan, ya ci gaba da kallon ledar.

Sai ga Mustapha, wani mai keke napep da nake yi wa wanki, ya gangaro da kekensa duk taɓo, yana hon.

"Shekari, yi sauri don Allah, fasinja sun cika titi."

Na ɗauki bokiti. Ina wanki ina jin lauje a bayana, yana ci yana matsowa, sannan na ji muryoyin sauran sun iso. Na kasa waiwayawa. Tayar nan ɗaya na yi ta gogewa har Mustapha ya ce, "Ka bar min ita haka, ba cinta zan yi ba."

Da ya tafi na juya. An yanke dama, an yanke hagu. A tsakiya ciyawarta na nan tsaye, da ƙulli kewaye da ita, irin nasu, an murɗe kan an cusa shi ciki. Ledata kuma an ninke, an danne da tsakuwa a kan dutsena.

Baba Isiyaku ya riga ya haura, buhu a ka. Na ɗaga hannu. Bai waiwayo ba.