Littafin Fada Mai Doki

Wata biyar ke nan tokar gawar Des Hanrahan, da aka ƙona bayan rasuwarsa, tana zaune a kan firjin 'yarsa Noreen, cikin ɗan akwatin roba, kusa da gwangwanin biskit. Wasiyya ce ta hana ta sauka. Tsohon ya ce a zuba shi a inda aka yi wa kakarsa Honora baftisma, ita da ta raine shi bayan rasuwar uwarsa. Kuma duk dangi babu mai rai da ya san wurin. Des ya yi shekara goma sha ɗaya da wannan nema, ya tafi ya bar kwali biyu cike da takardu, babu amsa a cikinsu.

Yayanta Gavin yakan bugo waya duk Lahadi, kuma bai iya sallama ba.

"Nor, har yanzu Baba na gadin biskit?"

"Yana nan."

"Ƙarshen Satumba fa muka ce. In ba a samu ba, mu sa shi kusa da Mama a maƙabarta, kowa ya huta. Mutum ya gama aikin jirgin ƙasa shekara arba'in, ya ƙare a kan firji."

"Na ji."

"Kin ci abinci?"

"Na ci."

Takan ajiye wayar ba tare da jin haushi ba. Haushi ma ai sai mai sauran ƙarfi. Tun da babur ya kashe ɗanta Declan shekara shida da suka wuce, Noreen ta zama mai yin abin da aka ce kawai. A watannin farko ko labule ba ta ɗagawa, har wata Asabar Des ya tsaya a ƙofarta ya danna hon bai saki ba sai da ta fito. Ya ce idonsa ya daina karanta rubutun limaman coci, yana neman mai karanta masa. Daga nan duk Asabar suna hanya: shayi a fulas, burodi da naman rago mai sanyi, wannan coci, waccan maƙabarta, wani ofishin ajiyar takardu mai warin tsohuwar darduma. Shi yana zuba, ita tana juya shafi. Da ya mutu a watan Afrilu ta tsaya a bakin akwatin gawarsa tana jiran kuka, bai zo ba. Ta koma gida ta wanke kofuna.

Ta ci gaba da neman kamar mai shan maganin da likita ya rubuta. Wata Talata ta je taron masu bin asalin dangi a laburaren gari, irin taron da kowa ke jiran wani ya ja numfashi don ya shigo da labarin kakansa. Ta karanta musu jerin coci-cocin da suka duba ita da Baba, ashirin da uku, duk kewayen gonar tumakin da aka haifi Honora a yammacin Queensland. Wani tsoho mai na'urar ji a kunne ya tambaye ta shekarar haihuwar.

"Dubu ɗaya da ɗari takwas da casa'in da bakwai."

"To ai kun yi ta bin taswirar yau," in ji shi. "A lokacin wace coci ce a can? Fada ne, limamin coci, yake hawo doki daga Coolabin sau biyu a shekara, ya bi gona-gona, ya yi wa jarirai baftisma, ya rubuta a ɗan littafin aljihu. Sai ya koma gida yake kwafewa a babban littafi. Ki je inda dokin yake kwana."

Coolabin kilomita ɗari huɗu ce daga gonar. Noreen ta tuna ta taɓa ɗora yatsa a kanta a taswira, Baba ya ce, "Can? Ba namu a can," ya naɗe taswirar ya nemi a miƙo masa shayi.

Washegari ta sauko da akwatin, ta ajiye shi a kujerar gaba, ta ɗaura masa bel don kada ya zame. Ba ta sa rediyo ba. Hanya miƙaƙƙiya, jar ƙasa hagu da dama, gawar kangaru nan da can a gefen kwalta. Ta isa bayan sha biyun rana.

Littattafan suna wani ɗaki a bayan cocin, a hannun Misis Quilty, tsohuwa 'yar firit mai shekara tamanin da ɗoriya, wadda ta riƙe makullin ɗakin tun kafin a haifi Fadan yanzu kuma ba ta da niyyar ba shi. Ta dubi hannuwan Noreen kamar an kawo mata su daga garejin mota.

"Safar hannu, 'yar nan. Biro a jaka, fensir kawai. Kuma ki cika wannan."

'Yar takarda ce, suna da kwanan wata.

"Duk shafin da aka buɗe, ina barin takardar mai buɗewa a ciki," in ji ta. "In ya yage, na san wanda zan tsine wa."

Ta ɗauko littafin da kanta, ta kwantar da shi a kan matashi. Rubutun Fada Mulvihill, mai dokin, ƙanana ne, a karkace, duk da Latin. Noreen ta bi da yatsa. Yuni, Yuli. Jarirai shida a rana ɗaya, sannan mako uku babu kowa. Ta juya zuwa Agusta, sai ga sunan a layi na huɗu, a fili, kamar bai taɓa ɓata ba.

Misis Quilty ta sunkuyo ta karanta mata. "Sha huɗu ga Agusta. Honora, 'yar Patrick Tuohy da Ellen. Wuri, mashigar rafin Dinny, a inuwar keken shanu. Kan hanya ya gamu da su ke nan. Rafin na nan, awa biyu daga nan in ba a yi ruwa ba."

Noreen ta jira ta ji wani abu. Shekara sha ɗaya, ga shi a layi ɗaya. Abin da ta lura da shi kawai shi ne ƙafarta ta yi sanyi.

"Sa takardarki a ciki. Matsar da waccan," in ji Misis Quilty.

Akwai wata a maƙale a tsakiyar shafin, ta ɗan yi rawaya. Noreen ta zaro ta don ta gyara mata zama. Fensir ne, manyan baƙaƙe masu jingina baya, irin na mutumin da ya saba cika takardun tashar jirgi. D. Hanrahan. Kwanan watan na shekara biyar da suka wuce ne, wata Alhamis.

Ta karanta sau uku.

"Mahaifina ne," ta ce.

Tsohuwar ta karɓa, ta nisanta takardar da idonta. "Dogo, mai surutu? Ya ci mini kek rabin faranti. Na tuna shi, don shi kaɗai ne ya taɓa samun abin da ya zo nema ya ƙi kwafa. Na miƙa masa fensir, ya ce a'a. Ya zauna yana kallon layin nan kusan rabin awa. Sannan ya ce, rufe shi, Misis, 'yata ba ta daɗe da fara fitowa daga ɗaki ba." Ta ɗaga kai. "Ke ce?"

"Ni ce."

"To. Ban gane maganar ba a lokacin, ban kuma tambaya ba."

Noreen ta kwafi layin, harafi bayan harafi. Ta cire safar, ta yi godiya, ta ƙi shayi. A mota ta zauna ƙofa a buɗe, zafi yana shigowa. Ta tuna cocin da suka je sau biyu saboda wai Baba ya manta gilashinsa a karon farko. Ta tuna yadda yakan buga tebur ya ce, "Matar nan ta iya ɓuya," alhali ya san layi, ya san shafi. Coci goma sha tara suka bi bayan waccan Alhamis, ita tana ta murza ido a kan rubutun matattu.

Ta kira Gavin.

"An samu."

Babu zolaya, kuma wannan ba halinsa ba ne.

"Mashigar rafin Dinny," in ji shi a hankali.

Ta riƙe wayar da hannu biyu. "Ban faɗa maka sunan ba."

"Ni na kai shi, Nor. Ya ce in yi shiru. Ya ce in ya mutu in ba ki wata shida, in matsa miki lamba don kada ki zauna. In ba ki gano ba zuwa ƙarshen Satumba, in faɗa miki."

"Shekara biyar kuna kallona."

"Muna kallonki."

"Kamar wawiya. Ina bin ƙura da fensir."

"Kina tashi da safe. Kina cin burodin nan nasa marar daɗi. Me kike so mu yi?"

Abin da ya taso mata fushi ne, mai zafi, irin wanda ta manta tana da shi. Ta juya ga akwatin da ke ɗaure a kujera ta zage shi, zagi sosai, da kalmomin da ta koya a bakinsa. Ta kira shi tsohon maƙaryaci, ta kira shi munafuki. A tsakiyar zagin muryarta ta karye, kukan da ya ƙi zuwa a Afrilu ya zo, ya haɗo da na Declan, ta kifa goshi a sitiyari har hon ya yi ƙara. Misis Quilty ta leƙo ta taga, ta saki labule.

Gavin bai kashe wayar ba. Da ta lafa ya ce, "Ki jira ni. Gobe da rana ina nan, mu kai shi tare."

Ta share hanci da bayan hannu.

"In na zuba shi, Gav, wa zai zo ya danna mini hon?"

Ta ji yana numfashi a can ƙarshen layin, yana neman amsar da Baba bai bar masa ba.