Fiton Yero

Ƙarfe biyar na yamma ruwan sama ya ɗauke, rana ta leƙo a kunyace. Tururi na tashi daga jar ƙasar filin ƙwallon da ke bayan firamare, har turakun raga suka zama kamar suna lilo a cikin hayaƙi. Mainasara tela, wanda yaran Birnin Gwari ke kira Koci, yana zaune a kan kututturen ɗorawa, rigar gola a cinyarsa, reza a hannunsa. Shi da kansa ya yanka haruffan da ke bayanta daga farin ƙyalle, ya ɗinke su shekara biyu da suka wuce: YERO.

Ranar Asabar za a fara gasar yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar. Masu shirya gasar sun ce sunaye goma sha huɗu kacal, kuma duk yaron da bai iso fili ƙarfe huɗu ba, babu shi. Mainasara ya cika goma sha uku. Gurbi ɗaya ya rage, gola kuma biyu gare shi.

Obed bana ya zo da iyayensa daga Kusasu. Dogo ne, tafin hannunsa kamar faifai, kuma kafin Koci ya rufe shago yana fili yana jira. Yero kuwa, tun da yayyensa suka kora rabin garke zuwa kudu saboda daji ya daina shiguwa, kiwon sauran shanun ya dawo kansa. Ba ya isowa sai inuwa ta yi tsawo.

Ƙasimu, kyaftin ɗin yaran kuma babban ɗan baya, ya zo ya tsuguna kusa da shi yana kankare laka daga takalminsa.

"Koci, da gaske za ka warware?"

"Kai da kake kyaftin, me ka gani?"

"Obed ya fi shi kamu, wannan ba ƙarya. Amma fa mu shanun Yero ne."

Mainasara ya yi murmushi. Gaskiya yaron ya faɗa. Yero ba ya ihu a raga kamar sauran gololi, fito yake yi irin wanda yake wa garkensa. Gajere sau biyu, Ƙasimu ya matsa dama. Dogo mai lanƙwasa, Hamza, ɗan bayan hagu, ya ja da baya. Yaran sun saba har ƙafarsu ke ji kafin kunnensu. Wani lokacin, in Mainasara yana taka keken ɗinki, sai ya ji fiton a cikin ƙarar keken, ya ga kansa yana waiwayawa dama.

Daga bakin dajin fararen shanu suka fara ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, tururin ya rufe ƙafafunsu, sai ka ce a kan ruwa suke tafiya. Yero na biye da su, sanda a wuya, hannayensa rataye a kanta. Ya bar su suna cin ciyawar gefen fili, ya ƙaraso.

"Sannu da hutawa, Koci."

"Sannu, Ɗan Fulani. Yau ma agogonka saniya ce ta haɗiye shi?"

"Ai ba ta amayo shi ba tukuna."

Ƙasimu ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don idon Yero ya riga ya sauka a kan rezar.

Mainasara ya gyara zama. "Yero, in na rubuta sunanka, ranar Asabar ƙarfe huɗu zan gan ka?"

Yaron ya juya ya dubi shanun. Ya daɗe yana dubansu, kamar yana jiran ɗaya daga ciki ta ba shi izini.

"Baffa ba ya iya doguwar tafiya yanzu," ya ce a hankali. "In na ce maka zan zo, ƙarya na yi."

"Ko rana ɗaya?"

"Ai ba sa hutun Asabar, Koci."

Mainasara ya sa bakin reza a ƙarƙashin zaren farko. Yana warwarewa yana tuna ranar da ya fara ganin yaron nan ya yi sufa ya cafke ƙwallon da ta nufi maraƙinsa. Haruffan suka faɗo cinyarsa ɗaya ɗaya. Halin tela, sai ya tsinci kansa yana jera su, ya ware biyu gefe.

"Waɗannan fa?" in ji Yero.

"O da E ne. Suna cikin sunan Obed, za su sake amfani."

Yero ya ɗauke su ya jujjuya a tafinsa, ya mayar. "To ai shi ke nan. Rabina na cikin raga."

Ya saɓa sandarsa ya koma wajen shanunsa.

Ranar Asabar hadari ya taso ya tsaya, bai zubo ba. Abokan karawarsu, yaran Kazage, suka zo da gudu kamar iska. Obed ya yi kamu mai kyau, amma raga shiru take, 'yan baya kuma sai waige suke yi kamar waɗanda aka bari a kasuwa. Ƙasimu da Hamza suka yi karo har sau biyu. Duk da haka aka kai ƙarshen wasa Birnin Gwari na gaba da ci ɗaya.

Saura minti kaɗan, ɗan gaban Kazage ya zille ta bayan Hamza, Hamza bai gan shi ba.

Sai ga fito daga can wajen itatuwa, siriri, dogo mai lanƙwasa. Wanda bai sani ba zai ce tsuntsu ne. Hamza bai ko waiwaya ba, ƙafarsa ta ja shi baya, ya tare hanya. Ɗan Kazage ya buga a takure, ƙwallon ta zo wa Obed a ƙirji, ya rungume. Alƙalin wasa ya hura tashi.

Yara suka ɗaga Obed sama suna kiran sunansa. Hamza na ta ba da labarin yadda jikinsa ya ba shi akwai mutum a bayansa.

Mainasara kaɗai ya juya ya dubi bakin daji. Bai ga kowa ba sai bindin saniyar ƙarshe tana shigewa cikin ganye. Ya sa hannu a aljihu, ya taɓa 'yan ƙyallayen nan biyu da suka rage, Y da R, sannan ya tafi ya tattara riguna kafin ruwa ya sauko.