Inda Kamyon Isma'ila Ke Tsayawa

Tun da Isma'ila ya rasu kamyonsa, babbar motarsa ta lodi, ya koyi wani hali, kuma duk Madarumfa babu wanda bai san da shi ba. Da safe ƙanensa Ɗanladi zai loda kwandunan tumatir da buhunan zogale na masu lambun bakin tabki, ya kama hanyar kasuwar Jibiya lafiya lau. Da ya iso hawan da ke gefen maƙabarta, daidai inda aka binne mai motar, sai inji ya yi tari, ya ja numfashi, ya mutu.

Tarin ne ya fi damun Ɗanladi. Wansa da ciwon ƙirji ya tafi, kuma a kunnensa tarin injin da na Isma'ila babu bambanci. Ga kujerar direba har yanzu da lotsawar jikin mamacin, ga sitiyari ya goge daidai inda tafukansa suke kamawa, wanda ba nan hannun Ɗanladi ke sauka ba. Kullum ji yake kamar aron wuri ya yi, mai wurin ya zaga ne yana dawowa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, ko da yake da za ka faɗa masa haka a tasha sai kun yi faɗa.

Ranar farko da abin ya faru ya buga makulli har batir ya nemi gajiya. Da ya rasa dabara ya sauko, ya tsallaka ya tsuguna a gaban kabarin, ya yi wa ɗan'uwansa addu'a. Ya dawo ya ɗan bubbuga famfon hannu ya fitar da iska, ya murɗa makulli, mota ta tashi kamar ba ita ba. Kasuwa ta gaba haka, ta bayanta ma haka. A dawowa kuwa ko gezau ba ta yi a wurin. To garin da kaburburan waliyyai suka kewaye tabkinsa ba a koya masa fassarar irin wannan. Nan da nan magana ta zaga cewa Isma'ila ne ba ya yarda motarsa ta fita gari ba a gaishe shi ba.

Ɗanladi dai bai zauna ba. Ya kai ta garejin Musa makaniki, mutumin da bai taɓa cewa bai san ciwon mota ba. Musa ya ce matatar mai ce, aka sauya. Ya ce famfo ne, aka kwance aka kai Maraɗi aka dawo da shi. Ya ce tiyon mai ne ke shan iska, aka sa sabo. Kuma kowane gyara irin na garejinmu ake rufe shi: a cire tiyo a sa baki a hura shi da ƙarfi har a ji man gazuwal na ɓulɓula a tanki, a tofar, a ce hanya ta buɗe. A harabar gareji motar kan yi ruri kamar sabuwa, Musa ya shafa gemu. Ran kasuwa kuma sai a gan ta a hawan maƙabarta, bakin inji a buɗe. Daga ƙarshe Musa ya wanke hannunsa ya ce wannan ba aikin sifana ba ne, a nemi malamai.

Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Kafin a yi addu'a, a fitar da iska, a lallaɓa, manyan masu saye sun cika motocinsu sun tafi, abin da ya rage sai rana ta dafa shi a kwando. Masu lambu suka yi haƙuri don darajar mamaci, har haƙurin ya ƙare. Suka aiko babbansu ya faɗa wa Ɗanladi cikin ladabi cewa in motar ta sake kwanciya a hanya, za su ba wani kamyon garin Safo kayansu. Da wannan motar ake ciyar da Atika, matar Isma'ila, da marayunta. In lodi ya tafi, tukunyarsu ce ta sauka daga murhu.

Mutum ɗaya ce tak a garin wannan ciwon mota yake yi wa daɗi, ita ce Hajiya, mahaifiyarsu. Isma'ila ɗan farinta ne, don haka tun yana jariri ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta yi masa wasa a gaban mutane ba, ranar jana'izarsa ma ita ce ke ba masu kuka haƙuri. Kunyar ɗan fari ba ta barin uwa ko da hawaye. Amma duk ranar kasuwa da yamma Ɗanladi zai tarar da ita a bakin zaure tana tsinke zogale, ba ta ɗaga kai ba za ta ce, “Mai motar ya tsaida ka yau?” In ya ce ya tsayar, sai ta gyaɗa kai, fuskarta ta saki, ranar har tuwo take ƙarawa.

Abin da ya buɗe wa Ɗanladi ido ba wani abin kirki ba ne. Wata Juma'a aka ɗauke shi jigilar 'yan biki zuwa Gabi, ya cika tanki a gari saboda babu mai a can. Hanyar ta bi ta hawan maƙabarta. Ya riga ya rage gudu, ya shirya sauka, sai mota ta haye abinta ba ko tari. 'Yan biki suka ce ai Isma'ila mai kunya ne, ba ya tsayar da mata. Shi kuwa Ɗanladi tunani ya tafi da shi. Direbobin hanyar iyaka duka da ragowar mai suke fita gari, sai sun kai wurin masu sayar da mai a jarka a can gaba, inda ya fi araha, su sha. Ke nan kullum da tanki kusan wayam yake hawa tudun nan, a dawowa kuma da shi cike.

Washegari da hantsi ya yi abin da babu makanikin da ya yarda ya yi, don wahala ce da ƙazanta. Ya shiga ƙarƙashin motar a ƙofar gida, ya tsiyaye man a jarkoki, ya kwance ɗamarar ƙarfen da tsatsa ta cinye, ya sauko da tankin ƙasa. Ya lanƙwasa waya ya zura ta bakin tankin yana lalube. Can ya ji ta kama wani abu mai laushi, ya jawo a hankali.

Tsumma ne, baƙi ƙirin, ya yi santsi. Da irinsa direbobi ke tace man jarka, a shimfiɗa a bakin mazurari don kada ƙasa ta bi. Wata rana ya kuɓuce wa Isma'ila ya faɗa ciki, ko bai lura ba, ko ya ce gobe zai ciro. In mai ya yi ƙasa mota ta ɗaga kai a hawa, sai tsumman ya taho ya manne a bakin bututun da ke zuƙo mai. In inji ya mutu zuƙa ta saki, kafin mutum ya gama addu'a tsumman ya sulale ya koma gefe. Duk hurawar da Musa ke yi ma kore shi kawai take yi.

Ɗanladi ya matse shi ya ware a rana. A gefe guda, inda mai bai gama cinye launi ba, ya ga zanen ganye-ganye shuɗi. Ya san atamfar nan, tsohon zanen Hajiya ne.

Ya daɗe zaune a kan tankin. Ya kamata ya yi murna, amma baƙin ciki ne ya cika masa ciki. Har ya raya a ransa ya mayar da tsumman inda ya same shi, ya ɗaura tanki ya yi shiru da bakinsa. Sai ya jiyo 'ya'yan Atika a cikin gida suna gardama kan ƙanzon tukunya, ya tashi ya shiga wurin tsohuwa.

Ya durƙusa ya ajiye tsumman a gabanta, ya yi mata bayani tiryan-tiryan, idonsa a ƙasa. Da ya gama ta ɗauka ta jujjuya, ta kai hancinta.

“Haka shika wari in ya shigo gaishe ni,” ta ce.

“Hajiya, in kin ce in maida shi, sai in maida.”

Ta dube shi kamar ya yi saɓo. “Kai dai ba ka da wayo tun kana ƙarami. Ɗiyan nan gaisuwa za su ci? Tashi ka ɗaure tankinka.”

Ya miƙa hannu zai ɗauki tsumman ya yar, ta riga shi, ta tura shi ƙarƙashin tabarmar da take zaune, ta juya masa baya ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Ya lura ganye da itace duk ƙwarya ɗaya take zuba su.

Ran kasuwa ya yi lodi da wuri, masu lambu na tsaye suna kallo. Ya fita gari da ragowar mai kamar kullum. Da hawan ya bayyana ya sauya giya, ya kasa kunne. Inji ya ja da murya ɗaya, bai yi tari ba, bai ja numfashi ba. Kabarin ya zo ta tagar dama, tudun ƙasa kamar sauran, ya wuce.

Yana ta sauraro har ya kai kan tudu, yana jiran a kira shi. Babu wanda ya kira. Wata da watanni yana roƙon Allah ya raba shi da wannan tsayuwa, yau an raba shi, sai ya tarar shi kaɗai ne a cikin motar. A nan kukan da bai yi ba ranar jana'iza ya ƙwace masa, ga tumatir ɗin mutane a baya, babu halin ya tsaya.