Rigar Sanyin Eladio

Yasna ta rage gudu ta gangara gefen titi, domin mahaifiyarta Doña Orfelina ta sake dafa mata hannu. Shigowarsu Laraquete ke nan, mata masu sayar da gurasar toka suna ta kaɗa wa motoci fararen ƙyallaye. Amma ba gurasa Doña Orfelina take kallo ba. Wani mutum ne can bakin ruwa, ya ba su baya, yana jan igiyar kwale-kwale. Suka zuba masa ido har ya juyo. Dattijo ne mai furfura a gemu.

"Yunwa nake ji," in ji tsohuwar. "Shi ya sa na tsayar da ke."

Yasna ba ta yi musu ba. Ta sayo gurasa mai zafi da aka cusa wa naman kwanson teku da barkono, suka ci a cikin mota, gilashi a sauke. Mai gurasar ta leƙo ta tambaya ko yawon neman miji aka fito da Iya, Doña Orfelina ta ce ɗaya ma da ta yi ya ishe ta har lahira. Aka yi dariya. Yasna ta daɗe ba ta ji wannan dariyar ba.

Yasna dai ce wa uwar ta yi shan iska za su je. Ta ɗauki hutu daga kantin maganin da take aiki a Concepción, za su bi gaɓar teku a hankali, su tsaya duk inda suka ga dama. Ba ta faɗa mata abin da ke cikin but ɗin motar ba. Koriyar rigar sanyin Eladio ce, ƙanen Yasna, wadda uwar ta saƙa masa da hannunta.

Wani hunturu ne Eladio ya fita kamun kifi da abokan aikinsa daga ƙauyensu Lavapié, ba su dawo ba. Teku ya turo murfin akwatin ƙanƙara da takalmin roba wari guda, shi ma ba nasa ba. A kan tudun ƙauyen akwai maƙabartar da babu gawa ko ɗaya a cikinta. Wanda teku ya riƙe, tufafinsa ake sakawa a ɗan akwati a binne, don danginsa su sami inda za su kai fure. Matan sauran masuntan sun binne nasu tun a shekarar. Doña Orfelina ta ce ita ba ta binne mai rai. Ko da Yasna ta ɗauko ta zuwa birni, ba ta yarda a saka wa ƙofa sakata, kuma sau da yawa maƙwabta kan tsinto ta a tashar mota tana duba fuskokin masu saukowa. Likita ya ce zuciyarta ba za ta jure wannan jiran ba. Shi ya sa Yasna ta kira Don Floridor, mai kula da maƙabartar, suka tsayar da rana.

Bayan Arauco titin ya ƙuntata. Dajin itatuwa a hagu, ruwa a dama, hazo yana tasowa daga teku yana rufe tsibirin da ke nesa, ya buɗe shi, ya sake rufewa. A Tubul suka wuce wani jirgin masunta da ke kwance a tsakiyar saura tun shekarar da teku ya hau gari, ciyawa ta tsiro ta cikin haƙarƙarinsa. Doña Orfelina ta bi shi da ido har ya ɓace. Ta ce mutanen Tubul ba su taɓa iya ɗaure jirgi ba, ko a zamanin ƙuruciyarta.

A Llico suka tsaya suka cire takalma. Babu kowa a bakin ruwan sai wani kare da wata mata mai shanya ciyawar teku a kan duwatsu. Yashin baƙi ne, da ɗumi a sama, da sanyi in ƙafa ta nutse. Tsohuwar ta zauna ta miƙe ƙafafu kamar yarinya, ta shiga ba da labarin ranar da Eladio yana ƙarami ya ɓoye ƙaguwa a aljihun limamin coci. Tana ba da labarinsa kamar mutumin da ya je kasuwa. Eladio ba ya son albasa. Eladio yana da taurin kai irin na ubansa. Yasna tana saurare, tana kallon sawun ƙafarsu da ruwa ke sharewa, har ta ji kamar ta juya motar su koma gida, a bar tsohuwa da jiranta. Sai ta ga idon uwar ya sake maƙalewa a kan wani baƙin abu da ke lilo a bayan igiyar ruwa. Kututture ne. Doña Orfelina ba ta ƙifta ido ba sai da ya juya ya nuna reshensa.

Yasna ta ce su tashi, rana tana yi.

Hawan Lavapié da tsayi yake, ga kwana-kwana. Ba ta shiga cikin ƙauyen ba, ta bi hanyar ƙasa da ta haura tudu. Fararen gicciye suka bayyana, ƙanana, a jere, duk suna fuskantar teku. Don Floridor yana tsaye da shebur, ya sa hularsa ta zuwa coci. Kusa da shi ga matan abokan Eladio riƙe da kyandir, ga ɗan farin akwati a ƙasa, bai fi na jariri ba.

Yasna ta kashe mota. Duk jawabin da ta shirya ya gudu.

"Mama, ki yi haƙuri. Ni dai..."

"'Yar nan, na san hanyar nan tun ba a haife ki ba," in ji Doña Orfelina. "Kin zaci ban san inda ta ƙare ba? Tun ranar da kika ɗauke rigar na gani. Buɗe mini ƙofa."

Don Floridor ya tarbe ta ya cire hula, ya ce maƙwabciya ta je birni ta yi ƙiba ta manta da talakawa. Ta ce shi kuma har yanzu bai mutu ba, sai binne rigunan mutane yake yi. Matan suka rungume ta ɗaya bayan ɗaya. Ta je bakin ramin ta duba, ta ce ya yi, daga nan ana hango inda masunta suke fita. Yasna ta ji ƙirjinta ya saki. Ashe uwar da shirinta ta zo.

"Kawo shi," in ji tsohuwar. "In shaƙa sau ɗaya, sai ku saka."

Yasna ta ɗauko rigar daga but, a naɗe cikin farar takarda. Ranar da ta zaro ta daga ledar da uwar ke ƙulle ta a ƙasan sif, ta same ta da ɓawon kifi a hannuwa, da baƙin mai a ƙirji, ga ƙarni da warin taba. Ta ga bai dace a saka ɗan'uwanta a akwati da datti a gaban mutane ba. Ta jiƙa ta, ta wanke, ta sake wankewa, ta ɗinke gwiwar hannun da ta yage.

Doña Orfelina ta buɗe takardar ta kifa fuskarta a cikin rigar. Ta ɗago. Ta juya wuyan rigar ta sake shaƙa, sannan hammata, sannan bakin hannu. Ɗaya daga cikin matan ta dubi Yasna, ta sunkuyar da kai. Don Floridor ya mai da idonsa kan teku. Babu wanda ya taɓa kawo masa wankakkiyar riga.

"Da wane sabulu?" tsohuwar ta tambaya a hankali.

"Mama, datti ne a jikinta. Na ga kamar..."

"Ta fita kuwa. Kin iya wanki."

Ta ninke rigar yadda take, ta miƙa wa Don Floridor ba tare da ta kalle ta ba. Ya tambaya ko za ta saka da hannunta, kamar yadda uwa take yi. Ta girgiza kai.

"Ku binne. Babu kowa a ciki."

Suka binne. Iska ta hana kyandir kamawa, matan suka kare da tafin hannu suka yi addu'a. Yasna ta tsaya har aka kafa gicciyen, an rubuta sunansa da baƙin fenti. Da ta waiwaya, uwar ba ta wurin. Tana cikin mota, ta riga ta ɗaura bel, jakarta a kan cinya.

Yasna ta shiga ta zauna, hannunta a kan sitiyari. Ta tambaya ko gida za su koma.

"Akwai sauran rana," in ji Doña Orfelina. "Mu gangara kudu, wajen Lebu. An ce jiragen nesa suna sauke kifi a can." Ta goge gilashin gefenta da bakin mayafinta. "Ki riƙa tafiya a hankali in mun shiga gari."