Bindigar Harbin Agwagi

Sanobar tana tsaka da murza kwaɓin gurasa ta ji maƙwabciyarta Mastura tana dukan bututun ɗumama ɗaki da cokali. Kowa a benen ya san ma'anar wannan bugun: masu bindiga sun shigo, suna bi gida-gida.

Ta leƙa taga, ta hango babbar mota mai rufin tamfol a tsaye a harabar gidajen. A wannan shekara ta yaƙi, a birnin Dushanbe ba wanda ke tambayar su waye. Makamai suke nema, in kuma suka ga saurayin da ya isa riƙe bindiga, su jefa shi mota. Haka aka tafi da ɗan Mastura, har yau ko takalminsa ba a gani ba.

Nata ɗan, Behruz, shekararsa sha biyar, amma ya ɗebo tsawon ubansa, ga gashin baki ya fara leƙowa ba tare da an gayyace shi ba. Tun da aka kawo wuta da hantsi yake manne da talabijin, yana fama da na'urar wasan da uban ya aiko daga Mosko, inda yake dako a kasuwa. Kwalin ya zo da kaset rawaya mai alƙawarin wasanni dubu, alhali guda biyar ne ake ta sauya musu suna. Ya kuma zo da baƙar bindigar roba mai igiya, ta harbin agwagi, wadda ko ɗan sanda zai rantse ta gaske ce.

"Kawo bindigar nan!"

"Oca, ta roba ce fa," ya ce wa uwar.

"Harsashinsu ma na roba ne? Kafin ka buɗe baki ka yi bayani sun gama da kai."

Ta fizge ta, ta rasa inda za ta kai ta. Buhun fulawa za su soka, katifa za su ɗaga. Sai ta cusa ta ƙarƙashin shimfiɗar jaririyarta Nigina, wadda ke barci a ɗaure cikin gadonta na katako mai lilo. Ta juyo kan Behruz.

"Zauna ƙasa, ka ranƙwafa. Ka rage tsawon nan, don Allah!"

Su biyu suka shigo. Babbansu mai furfura a gemu ne, cikin rigar fata. Ɗayan kuwa ɗan saurayi ne siriri, bindigar da ya rataya ta kusan rinjayarsa.

"Akwai makami a gidan nan?" in ji mai gemun.

"Babu, aka," ta ce, tana girmama shi kamar yayanta. "Sai wuƙar yanka albasa."

Suka soka buhu, suka ɗaga katifa. Ta miƙa musu gurasar jiya, mai gemun ya gutsura ya ci. Har ta fara samun numfashi, sai siririn ya hango na'urar a ƙarƙashin talabijin. Fuskarsa ta washe kamar an ba shi goron salla.

"Kwamanda, ga irin ta gidan kawuna! Ina bindigar?"

Ya juyo kan Sanobar.

"Kowane kwali da bindigarsa yake zuwa, inna. Ina take?"

Mai gemun ya daina tauna. "Na ji kamar kin ce babu."

Sai yanzu ta ga wautar da tsoro ya sa ta yi: abin da yake wasan yara ne a kan tebur, ɓoyewar ta mai da shi makami.

"Zan sa hannu ƙarƙashin jaririyar nan," ta ce a hankali. "Na roƙe ku da girman iyayenku, kada wanda ya taɓa kunama."

Ta lalubo igiyar, ta jawo ta, ta ɗaga bindigar tana reto kamar mataccen ɓera. Nigina ta farka ta canyara ihu. Mai gemun ya karɓa, ya auna rashin nauyinta a tafinsa, ya kece da dariya har da riƙe ciki.

Siririn ya jingine tasa ta gasken a bango, ya sa Behruz ya haɗa masa ta robar. Agwagi suka riƙa tashi daga ciyawa, yana harbi, suna wucewa lafiya lau.

"Kai, ashe da wannan hannun kake tsaron bayana?" in ji mai gemun. "Miƙa wa yaron gidan ya nuna maka."

Sanobar ta zuba wa ɗanta ido, tana girgiza kai kaɗan-kaɗan. Bai ko dube ta ba. Da agwagwar farko ta faɗo sai ya manta da su waye a ɗakin. Ya miƙe tsaye, duk tsawon nan ya fito fili. Ya runtse ido ɗaya yana kakkaɓo su ɗaya bayan ɗaya, ko guda bai bari ta tsira ba. Wawan yaro har da murmushi.

Dariyar mai gemun ta ɗauke. "Shekararka nawa?"

"Sha uku," Sanobar ta yi caraf ta ce.

"Ba ke na tambaya ba."

"Sha biyar," in ji Behruz.

Mutumin ya dafa kafaɗarsa yana matsawa, kamar mai taya rago a kasuwa. "Yaron nan yana da ido. Asara ce ya zauna a gindin mata."

Ba ta san lokacin da ta warce bindigar ba. "Ido? Wane ido, aka? Ku matsa ku gani."

Abin da ba wanda ya sani shi ne, in Behruz ya tafi layin biredi, kuma zullumin shirun mijinta ya ishe ta, ita ma takan zauna tana kaɗa gadon Nigina da ƙafa tana harbin agwagin nan. Amma ba ta taɓa yi don ceton ran ɗanta ba. Ta ja da baya har bango, ta ɗaga hannun da ya yi fari fat da fulawa. Agwagwa ta tashi, ta faɗo. Wata ta tashi, ita ma ta faɗo. Sai da ta share su tas.

"In wannan ne harbi, to ni za ku sa a mota. Wasan mata ne da yara. Wannan da kuke gani, ko kaza aka yanka sai ya sume. Har yanzu fitsarin kwance yake yi, kullum ni ke shanya katifarsa. Ku tafi da shi ku sha wanki!"

Siririn ya fashe da dariya. Mai gemun ya daɗe yana kallonta, ita kuwa ta tabbata ya gane abin da take yi. Can ya sauke hannunsa daga kafaɗar yaron.

"Naɗe mana abin nan," ya ce wa siririn. "Ka je ka koya, kafin matan unguwa su ƙwace mana aiki."

Suka fita da na'urar da kaset da bindigar, igiyoyi na jan ƙasa. Ta tsaya a taga har motar ta bar harabar, sannan ta juyo. Behruz na tsaye, idanunsa sun kaɗa sun yi jawur.

"Fitsarin kwance, Oca? A gaban maza? Kuma kin bari sun tafi da abin da Baba ya aiko min!"

Ya shige ɗaki ya bugo ƙofa. Ita kuwa ta sulale ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙofar tana sauraron kukansa. Tun ranar da ta haife shi ba ta ƙara jin kukan da ya yi mata daɗi kamar wannan ba.