Shimfiɗar Ɗan Kurege

Haƙoran injin zarto sun ci rabin gungumen lokacin da kafinta ya ji wani siririn kuka daga ciki. Ya kashe injin. A cikin kogon itacen, tazarar ɗan yatsa daga inda zarton ya tsaya, ga ɗan kurege kwance, idonsa bai gama buɗewa ba, jelarsa kamar igiyar takalmi. Ba uwa, ba 'yan'uwa. Kafinta ya daɗe yana kallon tazarar nan.

A aljihun riga ya kai shi gida, don bai san inda zai ajiye shi ba.

"Mazan mutane na shigowa da nama, kai ka shigo mana da ɓera," in ji matarsa.

"Kurege ne."

"Ɓera ne dai da ya yi makaranta."

Daga ɗakin da ke gefe aka ce, "Kawo shi nan."

Su duka suka juya. Baba ne, mahaifin kafinta, wanda ya kafa shagon ya yi aiki a ciki har ƙurar katako ta cinye masa ƙirji. Tun da likita ya hana shi shiga shago yake zaune bakin taga, ba ya magana sai an tambaye shi. Abokinsa ɗaya maganin shaƙa, ɗan gwangwani shuɗi da yake matsawa a baki idan numfashi ya sarƙe masa.

Baba ya karɓi ɗan kuregen a tafin hannu, ya duba shi ta ko'ina kamar katakon da zai saya. Washegari aka ji ƙarar guduma a ɗakinsa. Da guntayen katako ya haɗa akwati, ya goge kowace kusurwa, sannan ya sa ɗansa ya kawo masa dusar katako mai laushi daga ƙarƙashin teburin aiki. Kafinta bai ga abin tambaya ba. Haka suke yi wa madubi da gilashin kabad idan za a kai su nesa. Duk abin da kafinta yake tsoron ya fashe, a cikin dusa yake kwantar da shi.

Baba ya sa masa suna Yallaɓai. Da sirinji yake ba shi madara, ɗigo-ɗigo, yana yi masa faɗa idan ya yi gaggawa. Tsohon da a da sai an roƙe shi yake cin abinci ya koma tambayar ko an sauke tukunya.

"Ka ga, Baba ya samu jikan da ya fi so," matar ta ce. "Namu in sun zo hutu ko akwatin ashana bai taɓa yi musu ba."

Ana nan sai Yallaɓai ya soma wani irin numfashi. Duk shaƙa sai a ji ƙas, kamar an karya tsinke. Madara ta fara dawowa ta hancinsa. Haƙarƙarinsa na shiga suna fita, bakinsa a buɗe. Baba ya ce sanyi ne, ya sa aka ƙaro dusa, ya binne shi a ciki har wuya.

Abin da ya fi damun kafinta shi ne Baba ma ya soma lalacewa. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ya tsaya ya dafa bango. In an tambaye shi sai ya ce canjin yanayi ne.

Wata rana da azahar kafinta ya dawo ɗaukar igiyar awo da ya manta. Ƙofar Baba a buɗe take. Tsohon na durƙushe gaban akwatin, ya yanke gindin robar ruwa ya kifa ta a kan ɗan kuregen, ya cusa bakin gwangwanin shuɗin a wuyan robar yana matsawa. Leɓunan tsohon sun yi toka-toka. Ƙirjinsa na fito kamar tsohuwar butar shayi.

Kafinta ya tsaya a bakin ƙofa. Da ƙyar ya ƙarasa ya karɓi gwangwanin, ya girgiza shi kusa da kunne. Babu komai a ciki.

"Baba, tun yaushe?"

"Da farko... rabawa muke." Sai da ya huta kafin ya ci gaba. "Ɗaya ni, ɗaya shi. Daga baya na ga... ya fi ni buƙata."

"Ɓera, Baba? Saboda ɓera?"

"Ka taɓa neman iska... ka rasa?" Baba ya ɗago ido. "Ni na san abin da yake ji. Kai ba ka sani ba."

Matar ta fita da gudu zuwa kantin magani, ko mayafi ba ta daidaita ba. Da ta dawo da sabon gwangwani, Baba ya karɓa ya shaƙa sau ɗaya saboda sun tsaya a kansa, sannan ya damƙe shi a hannu yana kallon akwatin. Kafinta ya gane kallon. Suna juya baya, robar nan za ta koma kan kurege.

Ya ɗauki akwatin ya nufi asibitin dabbobi.

Likitar mace ce mai ƙaramin jiki da saurin hannu. Ta zaro ɗan kuregen, ta hure masa fuska, ta kara shi a kunnenta. Sannan ta cusa hannu cikin akwatin ta ɗebo dusa, ta murza, ƙura ta tashi.

"Wa ya yi masa wannan shimfiɗar?"

"Mahaifina."

"Ita ce ciwonsa. Huhunsa bai kai ƙwayar wake ba, dare da rana wannan yake shaƙa. Ƙurar ta hana shi numfashi, yana haki yana shan madara, madarar ta bi ta huhu." Da ya gaya mata zancen maganin shaƙa, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta dube shi. "Na mutum? Allah ne ya sa zuciyarsa ba ta tsaya ba."

Ta ba shi maganin ɗigawa, ta ce a kwantar da shi a kan tsumma mai laushi. Ko zai rayu, ta ce ba ta yi alkawari ba.

A hanya kafinta ya zauna a kan wani dakali, akwatin a cinyarsa. Zai iya cewa likita ta riƙe kuregen, amma ya san Baba zai koma bakin taga ya yi shiru, irin shirun da ya fi ciwon ban tsoro. Zai iya mayar da shi ya ce sanyi ne kawai, sai Baba ya ƙaro dusa ya ci gaba da kyautar da numfashinsa. Ko kuma ya dubi tsohon da ya kusa mutuwa saboda tausayi, ya ce masa hannunsa ne ya jawo. Kuma wa ya ɗebo dusar, in ba shi kafintan ba? Ya juya zancen ta kowace fuska, bai samu inda ba ya yanka ba.

Ya tarar da Baba a tsakar gida, matar na gefensa.

"Me ta ce?"

"Dusar ce, Baba. Ita ke shaƙe shi. Maganinka kuma ya kusa kashe shi."

Baba ya dubi akwatin. Fuskarsa ta saki, kamar an zare ƙusar da ke riƙe da ita. Can ya ce wa surukarsa, "'Yata, ba ni tsohon ɗankwalinki." Ya naɗe Yallaɓai a ciki ya miƙa mata. Sannan ya ɗaga akwatin da hannu biyu ya kifar.

Ƙura ta tashi cikin hasken rana. Baba ya kau da kai yana tari. Kafinta ma ya soma, tari busasshe mai fitowa daga can ƙasa, wanda ya saba yi a shago inda ƙarar inji ke rufe shi. Tarin ya ƙi tsayawa har sai da ya dafa gwiwa.

Da ya ɗago, Baba na kallonsa, ido a waje.

"Tun yaushe kake wannan tarin?"

"Mura ce, Baba."

"Haka na ce wa mahaifiyarka."

Matar ta dubi mijinta, ta dubi tsohon, ta ƙara rungume ɗankwalin. Daga cikinsa ana jin ƙas, ƙas, a hankali.

Baba ya buɗe hannunsa, ya girgiza sabon gwangwanin, ya kai baki. Ya shaƙa har ciki, ya riƙe numfashi yadda likita ya koya masa, ba wanda ya roƙe shi. Ya sake yi.

"Gobe kada ka buɗe shago," ya ce. "Asibiti za mu. Ni zan kai ka."