Juyen Baƙin Mai a Jif Ɗin Baba

Tun da na gama sakandare, tsakanina da jif ɗin Baba sai wanki. Tuƙi nasa ne.

Ran nan da safe ya ce, "Malam Shiru, in ka canja mata baƙin mai da hannunka, ba bakanike, makulli naka ne duk ranar da ba na fita."

Sunan da suka laƙaba min ke nan a gida saboda rashin magana. Nan take na tashi neman kayan aiki.

Mota ce mai tsayi, ko jak ba ta buƙata. Na shimfiɗa kwali, na shige ƙarƙashi da sifana da tsohuwar roba. Ina murɗawa notin da ke toshe ƙofar mai ya kwance, mai ya zubo baƙi ƙirin. Na miƙa hannu na ɗora notin a kan dakali, na canja filtar mai. Wai wannan ne aikin da ake wuni a gareji dominsa? Ban san sanda na fara waƙa ba.

Umma ta leƙo ta taga. "Yau Shiru ne da waƙa? Ko warin man ne ya bugar da kai?"

Na fito, na ɗaga bonet, na kafa mazurari. Baba na tsaye a kaina, hannu a aljihu.

"Zuba mana, injiniya! Me kake jira?"

Na tuntsura galan ɗin sabon mai kaf. Na zaro sandar awon mai ina murmushi. A bushe take.

"Baban yara," in ji Umma, "dubi ƙafarka."

Sabon mai, launin zuma, ya biyo ta ƙarƙashin mota ya kewaye silifas ɗinsa. Ban mayar da noti ba. Makulli kuma sai dai a mafarki.

Na duba dakali. Wayam.

Na ce, "Nan na ajiye shi. Da yana nan ai da na gani na tuna."

Baba ya yi gyaran murya, ya zaro hannu daga aljihu. Ga noti.

"Gani na yi an yasar, na ce kar ya ɓata."

Umma ta riƙe ƙarfen taga don dariya. "Wannan ya manta, wancan ya adana. Sannunku da aiki, kanikawa!"

Baba ya danƙa min notin, haɗe da makulli. "Ungo. Je ka sayo wani galan. Kuma kar maƙwabta su ji."

"Baba, ai motar ba mai."

"Ƙafar taka ma an juye mata ne?"

A ƙafa na tafi, ina kaɗa makulli a yatsa. Duk wanda na gamu da shi sai da na gaishe shi.